Giram Talatin da Takwas

'Yata shekararta huɗu, kuma ba a banza kakanta ya laƙaba mata Tarwaɗa ba. Kina riƙe da hannunta, kina jin ɗuminsa a tafinki, ki waiga ki ga iska kike riƙe da ita. Bara ta zille mini a kasuwa. Minti ashirin na yi ina ƙwala mata kira kamar wadda ta zare, kafin na same ta a ƙarƙashin teburin mai takalma tana yi wa 'yar kyanwa faɗa don ta ƙi zama. Ban doke ta ba. Washegari na sayo na'urar bin sawu, 'yar baƙa kamar kwalin ashana, mai layin waya a ciki. Ni tela ce, sai na yi mata aljihu a cikin jakar makarantar yarinyar, can inda ido ba ya kai wa, na ɗinke bakinsa. Duk inda jakar take, wani shuɗin ɗigo yana nuna mini a taswirar wayata.

Maigidana ya sa wa na'urar suna Idon Mama, ya yi dariya har da tari. Na ce ya yi ta yi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shi mai gyaran rediyo da talabijin ne. In na ji daɗinsa in ce masa Baban Tarwaɗa, in ya ɓata mini rai in ce Injiniya. Mahaifinsa, wanda dukkanmu muke ce wa Baba, tare muke zaune. Shekara talatin Baba ya yi a tashar auna yanayi, aikinsa hura wata ƙatuwar balan-balan, ya ɗaura mata na'ura, ya sake ta sama, ya zauna yana rubuta lambobi. A lissafinsa ya saki dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu. Ko ɗaya ba ta taɓa dawowa hannunsa ba.

"Suna hawa suna kumbura," in ji shi, "har su fashe a can inda ba tsuntsu. Kayan su faɗo inda Allah ya so. Mu namu lambobi ne kawai, ba mu taɓa ganin abin da suka gani ba."

Abu biyu ya fito da su daga aikin. Wata kwat mai ruwan toka da tambarin tashar a aljihu, wadda ba ya fita sai da ita ko rana na narka kwalta, da wani ɗan sikeli. Komai sai Baba ya auna. Likita ya hana shi sukari, to a gida a gabana yake auna 'yar ƙwayar da aka yarje masa, fuska ɗaure kamar alƙali. Da hantsi kuma sai ya ce zai miƙe ƙafa, ya fita ƙofa ya yi dama, wurin mai shayin kwana, ya dawo gashin bakinsa na ƙamshin madara. Na sani, ya san na sani, amma wace ce ni da zan tare suruki a hanya?

Wata takwas uba da ɗa suka mamaye mini teburin cin abinci, wai za su aika tasu balan-balan ɗin su kuma je su ɗauko kayan. Suka samo farar kula irin ta ƙanƙara, mara nauyi, suka sa kyamara a ciki, da wani rediyo da maigidan ya haɗa da hannunsa, wanda zai riƙa faɗa musu inda kular take. Baba ya je ya karɓo takardar izini daga masu kula da jiragen sama. Suka ce in ɗinka musu lemar da za ta sauko da kular a hankali in balan-balan ta fashe. Na ce ina da kayan makaranta arba'in a gabana, ba na ɗinka wa iska riga. Daga ranar ban ƙara kallon teburin ba, a ƙasa muke cin abinci ni da 'yata.

Ranar Talata suka zaɓa. Na ce me ya hana Asabar? Baba ya ce iska ba ta san Asabar ba.

Da sassafe suka loda tukunyar gas a tsohuwar motarmu suka tafi filin bayan gari. Na kai Tarwaɗa makaranta, na taɓa jakar kamar kullum, na ji ɗan tauri a inda ya kamata, na wuce shago. Ƙarfe sha ɗaya na saba duba waya. Ranar dai zaren keke ya tsinke da wuri, kafin in zura wani na ce bari in leƙa.

Ɗigon ba ya makaranta. Yana can bayan gari, yana gudu gabas. Ina kallo ya ƙetare kogi. Ina kallo ya ɓace.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a tasi, awon ɗinki na rataye a wuyana, takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na maƙwabciyata mai kitso. Na kira makarantar sau shida ba a ɗaga ba. Direban yana tambayata ina muka nufa, ina ce masa ya dai yi sauri. Abin da na gani a zuciyata cikin wannan motar ba zan rubuta shi ba.

Na banka ƙofar ajin. Ga Tarwaɗa zaune, harshe waje, tana shafa wa hoton kifi jan launi.

"Lafiya, Maman Tarwaɗa?" in ji malamarsu.

Ban amsa ba sai da na ƙirga yatsun yarinyar. Sannan na fizgo jakar daga ƙusa. Aljihun a ɗinke yake, abu mai tauri na ciki. Amma ɗinkin ba nawa ba ne. Ɗinkin hannu ne mai kyau, ɗauka huɗu gaba, ta biyar a koma baya a ninka, ƙullin a ɓoye a ƙasa.

"Mama, jakata tana ƙamshi yau," in ji Tarwaɗa.

Na zaro almakashi na farke. Guntun sabulun wanka ne, an yanka shi tsaf, an goge kusurwoyinsa, girman Idon Mama ba ragi ba ƙari.

Sai a lokacin hankalina ya dawo, na tuna inda ɗigon ya ƙetare kogi babu gada. Mota ba ta bi ta nan. Abu ɗaya ne a garin nan ya tashi daga bayan gari ya bi iska gabas a safiyar.

Na kira Injiniya. Muryarsa kamar an yi masa rasuwa.

"Mun rasa ta," ya ce. "Tana kilomita ashirin da huɗu sama rediyon ya yi shiru. Sanyi ya kashe batir, ko waya ta cire, ban sani ba. Muna kan tudun nan bayan ma'ajiyar ruwa, ko za mu ƙara jin wani abu."

"Ku tsaya nan," na ce.

Na ɗauki 'yata, don ranar ko mai unguwa ba zai raba ni da ita ba. Na ɗaure awon ɗinkin a ƙugunta, na naɗe ɗayan bakin a hannuna, muka koma tasin.

Na same shi tsaye a kan tudun, ya ɗaga eriya sama yana juyi kamar mai kiran ruwa. Baba yana zaune a gaban mota, ƙofa buɗe, littafinsa a gwiwa. Na gaida Baba tukuna, har ƙasa. Sannan na miƙa wa ɗansa abin da ke hannuna.

"Mene ne wannan?"

Ya duba. "Sabulu ne."

"Na san sabulu ne, Injiniya. Ina Idon Mama?"

"Idon Mama kuma? Ba yana jakar yarinya ba?"

Na faɗa masa duk abin da na gani, da kogin, da tasin, da takalmin mai kitso. Ya buɗe baki ya kasa rufewa. Ya rantse bai taɓa jakar ba, ya ce ko maɓalli bai iya ɗinkawa ba, ai na fi kowa sani. Na ce wanda ya iya haɗa rediyon da zai mutu a sama ba abin da ba zai iya koya a ɓoye ba.

"Ku yi haƙuri da juna," in ji Baba, bai ɗago ba. "Fushi ba ya sauko da abin da ke sama."

Muka zauna kowa na hura hanci. Na'urar ba ta magana sai inda sabis yake, ni ma na san wannan, kuma a can sama babu. Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika, wayata ta yi ƙara a jaka. Na juya baya na duba. Ga ɗigon ya dawo, a tsaye cak, kilomita saba'in da huɗu gabas, cikin gonaki. Batirinsa saura kashi goma sha ɗaya.

Gaskiya zan faɗa, na yi niyyar yin shiru. Na ce bari su sha rana har la'asar, su ɗanɗana abin da na sha a tasi. Sai idona ya faɗa kan Baba. Ya zare biro, ya ja layi a littafin da rula, ya rubuta kwanan wata da lokaci. A ƙarshen layin akwai gurbin da ya saba cikewa shekara talatin, ya fara rubuta "ba a sa..." Wata takwas tsohon nan yana tashi kafin kowa ya duba iska.

"Baba, kada ku rubuta tukuna," na ce.

Injiniya ya yar da eriya ya taho da gudu, hannu a miƙe. Na sa wayar a cikin riga.

"Kai ka tuƙa, ni in riƙe waya. Ba ka gani, ba ka tambaya. Duk lokacin da ka ce kai ka ɗauka, sai in ba ka ka riƙe."

"Ta yaya zan amsa laifin da ban yi ba?"

"To tada mota."

Ni ba muguwa ba ce, kuma duk abin da na yi a hanyar nan ina da dalilinsa. Shataletalen fita gari mun zagaya shi sau uku, saboda taswirar tana buƙatar lokaci ta gane gabas. Tarwaɗa ta yi ta tafi tana cewa a ƙara. A wani ƙauye na sa ya tsaya ya sayo mata lemo da hular rana, ya dawo na ce ba kalar da take so ba ce, ya koma. Yana tuƙi yana satar kallona ta madubi.

"Saura nawa?"

"Saura ka faɗi gaskiya."

"Baba, ku sa baki mana."

"Tsakanin miji da mata," in ji Baba, "ko iska ba ta shiga."

Kwalta ta ƙare muka hau burji, burji ya ƙare muka bi sawun tarakta tsakanin gonakin albasa. Batirin ɗigon ya koma kashi bakwai, na daina wasa da hanya na ce ya taka. Daga ƙarshe wata magudanar ban ruwa ta tare mu, faɗinta ya kai kamu shida, ruwan kore, ƙasan laka. Muka fito daga mota.

"Yana can ƙetare," na ce. "Miƙe tsaye."

Ya dubi ruwan, ya dubi wandonsa, sabo ne, don hoto ya sa shi. "Ba wata hanya?"

"Kai ka ɗauka?"

"Ban ɗauka ba!"

"To miƙe tsaye."

Ya shiga. Taku na biyu laka ta kama shi har cinya, ta ƙwace takalmi ɗaya ta riƙe. Yana ta fama, mu kuma muka taka kamar taku talatin hagu, bayan wasu ciyayi, inda na riga na ga gadar katako a taswira. Na riƙe wa Baba hannu muka haye a bushe. Muka tsaya a ƙetare muna jiransa.

"Sannu, ɗana," in ji Baba. "Ɗaga ƙafar a hankali, kada ka ja da ƙarfi."

Ya fito yana ɗiga. Na zaro waya in ga sauran tafiyar. Ɗigon ya ɓace.

Na ce shi ke nan, na yi wasa da lokaci a shataletale har batir ya mutu, na ja wa tsoho asara. Amma na duba, magana ta ƙarshe da na'urar ta aiko batirin na kashi shida. Ba mutuwa ta yi ba. Wani abu ne ya rufe mata baki. Inda ta tsaya kuwa tsakar wani gida ne a bakin gonar, ga rufinsa muna hange.

Gidan ba katanga, shingen kara ne. Akwai rijiya, da igiyar shanya, da akurkin kaji. Inuwar bishiya ce shimfiɗe a gefe, har da kujera a ƙarƙashi, amma wata tsohuwa tana zaune a rana tsaka, a kan kifaffen bahon ƙarfe, da sanda a hannu. Fuskoki uku ƙanana suna leƙe ta tagar ɗaki, an sa wa ƙofar sakata ta waje. Daga ƙarƙashin bahon wata farar igiya ta fito ta bi ƙasa.

"Sannu da gida, Inna," na ce.

"Yauwa. Kada ku matso."

Injiniya ya yi gaba. "Inna, kayanmu ne, wato balan-balan ce muka..."

"Wannan kuma daga wane rami aka tono shi?" Ta ɗaga sanda. "Koma baya, kana tsorata mini kaji."

Ya koma. Na durƙusa daga nesa na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce tana shanya ta ga abu yana saukowa da jar lema, ya dira gefen akurki yana kuka ƙit, ƙit, ƙit. Kafin ta ce wani abu jikokinta sun yi kansa da gudu. Ta kwashe su ta zuba a ɗaki, ta daɗe tana gadinsa daga nesa, da kukan ya ƙi tsayawa ɗazun nan ta kifa masa baho, ta zauna a kai.

"Ban san ko mene ne ba," ta ce. "Iyayensu sun tafi kasuwa sun bar mini amana. In fashewa zai yi, ya fara da ni."

Wallahi ji na yi kamar in rungume ta. Duk garinmu ban taɓa samun wadda ta fahimce ni ba sai a nan.

"Inna, ba ya fashewa. Wasan maza ne, kyamara ce da tarkacen waya. Amma a ciki akwai abin da nake tsaron 'yata da shi, aka sace mini aka aika sama."

Ta dubi Tarwaɗa, ta bi awon da ido daga ƙugun yarinyar har hannuna. Ta gyaɗa kai.

"Mai zillewa ce?"

"Kamar kifi a ruwa."

"Na tsakiyan can ma haka yake." Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. "Ke kika ce ba ya fashewa, na yarda. Da wancan ne ya faɗa, sai dai mu kwana a nan."

Aka ɗaga baho. Ga kular, gefe ɗaya ya ɗan lotsa, tana ta ƙit, ƙit. Wayata ta yi ƙara nan take, ɗigon ya dawo daidai kan ƙafata.

Injiniya ya durƙusa yana yanka salatif. Tsohuwar kuma ta ja ni wurin akurki, inda ta riga ta shimfiɗa lemar a kan 'yan tsaki. Ta ce in ba damuwa a bar mata, shaho ya dame ta.

"Dubi ɗinkin," ta ce. "Na hannu ne. Wanda ya yi wannan ya san allura."

Na kama bakin lemar, tela ba ta ganin ɗinki ta wuce. Ɗauka huɗu gaba, ta biyar a koma baya a ninka. Na juya, ƙullin a ɓoye a ƙasa. Na bi ɗinkin da farce har kamu guda, bai canza ba.

"Baban Tarwaɗa," na ce, "wa ya ɗinka lemar nan?"

"Baba mana, tunda kin ƙi." Bai ko waiga ba, ya buɗe murfin. "Kai! Ga shi kuwa!"

Idon Mama na kwance a wani rami da aka yanka masa tsaf a jikin kular, an naɗe shi da safa don sanyi. Safar mai ruwan toka ce, ni na wanke ta ranar Lahadi.

"To ina allona?" Yana ta laluben cikin kular. "Ɗan allon da na rubuta sunan shago da lambar wayata, don ya fito a hoto, wanda ya tsinta kuma ya kira. Da hannuna na ɗaura. Baba, ba ku kuka yi awon ƙarshe kuka rufe ba? Kun ce nauyin bai ƙaru ba ko giram..."

Ya dubi safar. Ya dubi mahaifinsa. Ya dubi wandonsa, da ƙafarsa ɗaya mara takalmi. Baba kuwa ya ɗaga kai yana nazarin sama da gaske.

"Gajimaren nan," ya ce, "kafin magariba za a yi ruwa."

Injiniya ya ja numfashi zai yi magana, na taka masa ƙafar mara takalmin.

"Kunna kyamarar mu gani," na ce.

Muka koma inuwa, tsohuwar ta buɗe wa jikokinta ƙofa, aka yi da'ira. Hotunan farko ciyawa ce da ƙafafu. Sai filin ya koma kamar tabarma, sai garin gaba ɗaya, da kogin kamar zaren da ya faɗi a ƙasa. Sai gajimare ta ƙasa, ba ta sama ba. Daga nan sama ta yi baƙi ƙirin da rana tsaka, duniya ta lanƙwasa a gefe, da wani siririn shuɗi a bakinta kamar an yi mata dajiya.

Baba ya karɓi kyamarar da hannu biyu. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya daɗe.

"Ashe haka suke gani," ya ce a hankali. "Dubu goma sha ɗaya na aika, ba wadda ta dawo ta ba ni labari."

Ya buɗe littafinsa a gwiwa, ya soke abin da ya fara rubutawa da layi ɗaya madaidaici, ya rubuta "an samu". Tsohuwar ta leƙa hoton ta ce yana da kyau, amma gaba su riƙa aikawa ta wajen gonar maƙwabci.

A hanyar dawowa aka yi ruwan, kamar yadda ya faɗa. Tarwaɗa ta yi barci a cinyata. Can Baba ya gyara murya, idonsa na kan titi.

"An ce wani lokaci mai lissafi yakan lissafa komai, ya manta abu ɗaya. Misali ya ɗauka ƙarfe sha ɗaya ake duba abu, ya yi niyyar aika saƙo kafin lokacin, ashe akan duba da wuri."

"Haka ne, Baba," na ce. "Zare yakan tsinke."

Iyakar abin da muka ce ke nan, ni da shi, har yau.

Wandon Injiniya ni na wanke shi, sau uku, na goge, na sayo masa takalmi. Wannan ne ban haƙurina, ya kuma karɓa, ko da yake har yanzu in muka zo shataletale sai ya tambaye ni sau nawa. Ya ce, "Shi ba za ki yi masa magana ba? Ni da ban ci ba na sha laka, shi da ya ci ya haye gada." Na ce wace ce ni.

Da Baba ya shiga wanka na ɗora Idon Mama a kan sikelinsa. Giram talatin da takwas. Na ɗora sabulun. Giram talatin da takwas, allurar ko motsi ba ta yi ba. Aiki ne na gwani, kuskurensa ɗaya ƙamshi. Na naɗe sabulun a leda biyu, na kankare ɗan kaɗan don nauyin ledar. Na mayar da Idon Mama jakar 'yata, na ɗinke da keke. Sannan na ce wa Baba aljihun kwat ɗinsa ya fara farkewa, ya kawo in gyara. Na buɗe shafin ciki ta ƙasa, na sa sabulun a ciki, na bi da keke layi biyu, irin ɗinkin da hannu ba ya iya mayarwa in an farke.

Washegari da hantsi ya ɗauki kwat ɗin daga ƙusa. Ya tsaya. Ya ɗaga ta a tafin hannu, ya sauke, ya sake ɗagawa. Yatsunsa suka bi gefen har suka tsaya kan ɗan taurin.

"'Yata, kwat ɗin nan ta ƙara nauyi."

"Da nawa, Baba?"

"Kamar giram talatin da takwas."

"Zare ne," na ce. "Na ninka ɗinkin."

Da yamma na hango shi ta labule yana taɓa jakar Tarwaɗa, yana taɓa kwat ɗinsa, ya ɗora wannan a hannun dama, wancan a hagu. Ba zai gane wanne ne Idon Mama ba, shi ya yanka sabulun da kansa. Ba zai farke ba, zan gani. Ba zai tambaya ba, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sati uku ke nan. Jiya mai shayin kwana ya tare Injiniya yana tambaya ko Baba ya yi tafiya ne. Yanzu in ya sa kwat ya ce zai miƙe ƙafa, nakan ɗauki waya in duba ɗigon 'yata a makaranta, in daɗe ina kallo, sannan in ce, "A dawo lafiya, Baba." Yakan tsaya a bakin ƙofa ya dubi dama, ya yi ajiyar zuciya, ya yi hagu wurin bencin wanzami, inda ruwa kawai ake ba baƙo.